Haruffa Biyar a Rumfar Walda: Kwana Uku a Gidan Dare

Yayata ce ta kira ni bayan sallar isha'i, murya a shaƙe. Ɗanta na uku, wanda ta kai Sakkwato koyon walda shekara biyu da suka wuce, ya kwana biyu a asibiti. An sallame shi, in ji ta, amma hankalinta ya ƙi kwanciya, domin ba wanda ya iya gaya mata abin da ya same shi. Bai ƙone ba, lantarki bai ja shi ba, ƙarfe bai faɗo masa ba. Ya tashi aiki lafiya lau, ya ci tuwo, ya yi hira, ya kwanta. Cikin dare numfashi ya nemi gagararsa.

"Kai ne ka yi karatun irin waɗannan abubuwa," ta ce. "Ka je ka gano mini."

Na yi shekaru ina koyar da ilimin sinadarai a wata makarantar sakandare a Zariya, amma ban taɓa riƙe sandar walda ba. Sai dai abu ɗaya a cikin zancenta ya tsaya mini a rai, wato wannan "cikin dare". Cutar da ke ƙyale mutum ya gama aiki, ya ci abinci, sannan ta bi shi har shimfiɗa, na san danginta a wurin karatu. Da asuba na kama hanyar tasha.

Watan Afrilu ne, bazara ta kai bazara. Direbanmu ya matsa a tashi da wuri, don a shekarun nan ba mai son yamma ta riske shi tsakanin Funtuwa da Gusau. Muka wuce Giwa, muka wuce Funtuwa da Tsafe, fasinja kowa na jan carbinsa. Bayan Gusau muka bi ta Bunguɗu da Maru, muka yi azahar a Talatar Mafara, daga nan sai Tureta, sai Dange, sai Shuni. Na sha bin wannan hanya, amma sai a wannan karo idona ya buɗe a kan abin da kullum yake nan. Babu garin da za ka shiga ko ka fita ba ka hangi shuɗiyar walƙiyar walda a bakin titi ba. Ga ƙyamare a jingine, ga gadaje, ga tagogi, ga kurar 'yan garuwa ana ɗinke mata ƙafa. A gindin kowane aiki kuma akwai yaro a tsugune, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, ya kawar da kai gefe, ya runtse ido.

Mun shiga Sakkwato da la'asar, iska kamar daga bakin tanderu take fitowa. Na sauka wurin wani tsohon abokin karatuna. Aka kawo fura da nono mai sanyi, muka kwana a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa.

Da hantsi muka isa Gidan Dare. Unguwa ce mai kai-da-kawo, babura da motoci ba sa yankewa, ga masu sayar da kayan gini, ga masu gyaran mota. Birnin yana ta faɗaɗa. Siminti na fitowa daga Kalambaina, inda masana'antarsa take tun shekarun 1960, kuma duk wanda ya ɗora bulo a kan bulo sai ya nemi ƙyauren ƙarfe da tagogi. Wannan ne ya sa sana'ar walda take ci, shi ya sa kuma iyaye irin yayata suke ganin yaro ya sami madogara idan ya koye ta.

Rumfar da ɗan namu yake aiki ta kwano ce, buɗe ta gaba, da ɗan shago a bayanta inda ake kulle kaya. A kusurwa ga injin walda haɗin gida: dunƙulen waya da aka naɗe da hannu aka zaunar a cikin akwatin katako, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Ba shi da abin murɗawa. In ana son ƙara wuta ko rage ta, sai a cire waya daga wannan ƙugiya a maƙala a waccan. Yaron ya hango ni ya taso da gudu ya durƙusa.

"Kawu, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya su Inna?"

Ya rame kaɗan, muryarsa da sauran dushewa. Maigidansa ya ajiye garkuwar fuska ya goge hannu a jikin wando kafin ya miƙo mini. Dattijo ne da zai yi shekara hamsin da 'yan kai, bayan hannunsa duk ɗigo-ɗigon tabon wuta kamar an yayyafa masa gero. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya sa aka kawo benci da ruwa, sannan ya sunkuyar da kai ya yi magana da Sakkwatancinsa.

"Malam, na ji daɗi da kunka zo. Wallahi tun randa abin ga ya auku ban yi barcin kirki ba. Ɗiyan mutane na, amana anka ba ni. Ni da kaina na kwan da shi asibiti. Amma har yau ban san mi munka yi ba daidai ba."

Na ce masa ba tuhuma ta kawo ni ba, mu dai bi abin daki-daki. Na roƙe shi ya fara nuna mini aikin da idona.

Ya ɗauko guntayen ƙarfe biyu ya haɗa bakinsu, ya ba ni baƙin gilashi na kare ido, ya ƙyasta sanda. Ta cikin gilashin na ga wani ɗan tafki na narkakken ƙarfe yana bin bakin sandar, gefe da gefe kuma tartsatsi na tashi. Ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500, wutar da ke tsakanin sanda da ƙarfe kuwa ta haura digiri 3,000. Da ya ɗaga sandar, ya buge ɓawon da ya rufe ɗinkin, irin abin da maƙera suke kira kashin maƙera, sai ya ce in shafa gefen bayan ya huce. Na shafa na ji gurza-gurza. Ƙananan ƙwallaye ne na ƙarfe, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar ta dawa, sun faɗo suna narke sun manne. A rumfar ƙuraje suke ce musu. Ba sa rage ƙarfin ɗinki, amma suna ɓata fuskar aiki, fenti ba ya kwanciya a kansu, kuma daga gindinsu tsatsa ke farawa. Cire su aikin yara ne, da guntun ƙarfe mai kaifi da guduma, ko da injin gurza. Ƙyaure ɗaya mai ado yana iya cinye wa yaro rabin yini.

Saboda wannan wahala ce aka ƙirƙiro magungunan da ake shafawa ko fesawa a jikin ƙarfe kafin a fara walda. Dabararsu ɗaya ce: a shimfiɗa wani siririn maiƙo a gefen wurin ɗinki, yadda in ɗigon ya faɗo ba zai sami wurin kamawa ba, ana sharewa ya zube. Dabarar ba ta da laifi. Maganar tana wurin abin da aka narkar da maiƙon a cikinsa.

Maigidan ya ba ni labarin ranar. Sun sami aikin ƙarfen dafawa na matakalar bene a wani sabon gida. An riga an shimfiɗa tayil, an sa gilasai, mai gidan kuma ya ja kunne cewa kada ya ga ko ɗigo ɗaya a ƙasa. Tartsatsin walda yana huda fuskar tayil da gilashi, tabon kuma ba ya fita. Sai maigidan ya sayo katan guda na gwangwanin feshi, wanda mai shago ya ce masa shi ne maganin ƙuraje. Wurin matakalar matsattse ne, taga ɗaya ce can sama, ita ma sun rufe ta da kwali don kare gilashin. Shi yana sama yana ɗinki, yaron yana ƙasa yana riƙe ƙarfe, yana fesa maganin a gaban wutar, a jikin ƙarfe da kan tayil, tun bai bushe ba ana bi ta kai. Sun yi haka daga azahar zuwa magariba. Sun ji maƙogwaro na ƙaiƙayi, ido na yaji, kai na sarawa, suka ce zafin gari ne. Da suka tashi ya saya wa kowa madarar gwangwani, kamar yadda aka saba.

Na ce a ɗauko mini gwangwanin. Gabansa hoto ne na ɗinki mai sheƙi da manyan haruffa. Na juya bayansa, na sa tabarau, na matsa bakin rumfa wurin haske, domin rubutun ƙanana ne ƙwarai, da Turanci. A layi na uku na ga abin da nake tsoron gani: metilin kulorayid. A ƙasa kuma ga gargaɗi cewa kada a yi amfani da shi sai inda iska ke ratsawa.

Na zauna na yi musu bayani yadda zan yi wa 'yan ajina. Wannan sinadari ruwa ne mai saurin tashi. Yana tafasa a wajen digiri 40, wato zafin da Sakkwato take kaiwa har ta wuce a inuwa a wannan wata. A garin nan, a wannan lokaci, kusan yana fita daga gwangwani yake zama tururi. Tururinsa kuma ya kusa ninka nauyin iska sau uku, saboda haka ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya taru a ƙasa kamar ruwa a kwari. Wanda ke tsugune a gindin matakala shi ke zaune a cikinsa. In an shaƙe shi, jiki yana juya wani kaso nasa ya zama irin iskar nan ta hayaƙin janareta da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Ga mafarin ciwon kai da jiri.

Wannan shi ne ƙaramin sharrinsa. Babban yana zuwa ne idan tururin ya gamu da wutar walda. Zafinta, da wani ɓoyayyen haske mai ƙarfi da ke cikin walƙiyarta, wanda shi ne ke sa idon mai walda ya kwana kamar an zuba masa yashi, suna farfasa sinadarin. Daga cikin abin da ke fita akwai iska mai yaji da ke cin maƙogwaro, akwai kuma wadda ake kira fosjin.

Sunan bai ce musu komai ba, sai na ba su tarihinsa. Wani masanin Ingila, John Davy, shi ya fara haɗa fosjin a 1812, ta hanyar ajiye wasu iskoki biyu a hasken rana. Shi ya sa ya raɗa masa suna da Girkanci mai ma'anar abin da haske ya haifa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a watan Disamba na 1915, sojojin Jamus suka sake shi a kan sojojin Ingila a ƙasar Beljiyam, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ɓangarorin biyu duka suka riƙa amfani da shi. Mafi yawan waɗanda iskar guba ta kashe a wannan yaƙi, fosjin ne ajalinsu. Ba shi da launi. Warinsa kamar na ciyawar da aka yanka ta soma ruɓewa, ba mai tayar da hankali ba. A Amurka, iyakar da doka ta yarda ma'aikaci ya shaƙa ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na iska, hanci kuwa ba ya jin warinsa sai ya wuce wannan iyaka. Mugun halinsa shi ne jinkiri. Yana shiga can ƙasan huhu ya yi ɓarna a hankali, mutum na yawonsa, sai bayan sa'o'i, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu, ruwa ya taru a huhu numfashi ya gagara.

Rumfar ta yi tsit. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, likitan ma abin da ya yi ta tambaya ke nan, wai me na shaƙa. Na ce masa hayaƙin walda ne kawai."

Na ce daga yau, duk wanda aka kai asibiti daga rumfar nan, a tafi da gwangwanin a hannu a nuna wa likita. Kuma duk wanda ya shaƙi irin wannan ya ji ƙirji ya ɗaure, kada a ce ya je ya kwanta ya huta, kada a bar shi ya yi aikin ƙarfi, a kai shi a duba shi ko da yana cewa ya warware. Game da madara kuwa na faɗa musu gaskiya, ko da yake na ga ba ta yi musu daɗi ba. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu yake tafiya. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, ba ta wanke komai.

Maigidan ya daɗe yana jujjuya gwangwanin. "To Malam, in haka abin yake, don mi anka bari ana saida shi?"

Na gaya masa ƙasashe da dama sun taka masa birki. Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana shi a cikin maganin cire fenti tun 2009. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a irin wannan maganin cire fenti a 2019, bayan ya kashe mutane a ɗakunan da ba iska, sannan a 2024 ta haramta mafi yawan ayyukan da ake yi da shi. Amma dokar wata ƙasa ba ta kwashe kayan da ke kan kantar wata ƙasa. A nan mai tsaron ƙofa shi ne mai saye. Na ƙara masa da cewa ba wannan gwangwani kaɗai ba ne. Wasu magungunan wanke birki da na wanke maiƙon inji suna ɗauke da 'yan'uwan wannan sinadari, kuma mai walda da ya wanke ƙarfe da su ya ɗora wuta ya shiga haɗari iri ɗaya.

Bai yi musu ba, amma ya faɗi nasa uzurin, kuma uzuri ne na gaskiya. Masu ba da aiki yanzu hoto suke nunawa a waya, su ce irin wannan suke so, sumul kamar daga kamfani. In ka kai aiki da ƙuraje a rage maka kuɗi. In ka tsaya gurzawa, faifan gurza kuɗi ne, man janareta kuɗi ne. "Mi za mu shafa, to?"

Washegari muka baje abin da ake da shi a kan benci, har da wanda abokina ya taya ni nemowa a shagunan kayan aiki. Na farko baƙin mai, wanda aka juye daga inji, shi ne abin da yawancin rumfuna suka saba da shi domin kusan kyauta ne. Yana hana ƙuraje kamawa, amma yana kama wuta, yana tayar da hayaƙi mai ɗauke da dattin inji, in ya gangara cikin bakin ɗinki kuma ya bar ƙananan ramuka a ciki waɗanda ke raunana shi. Fenti ma ba ya zama a kansa. Ga wani haɗari da ya fi waɗannan: mai ko giris ba sa haɗa hanya da tukunyar iskar oksijin ta masu waldar gas, domin in suka taɓa bakinta suna iya kamawa da kansu ba tare da ashana ba.

Na biyu gwangwanin feshi wanda ba shi da sinadarin kulorin. Ya tsira daga fosjin, amma sau da yawa abin da ke tura shi waje gas ne irin na girki, abin da aka narkar da maiƙon a ciki shi ma mai kamawa ne. Ba a fesa shi kusa da wuta ko a kan ƙarfe mai zafi, sai an jira ya bushe. A jikin irin waɗannan gwangwanaye ana rubuta kada zafi ya wuce digiri 50. Na sa maigidan ya taɓa falankin ƙarfen da ke kwance a rana a gaban rumfarsa. Ya janye hannu da sauri. A kan irinsa yaran suke ajiye gwangwani.

Na uku wanda ke da silikon. Yana aiki sosai, amma in za a yi wa ƙarfen fenti, fentin zai riƙa tsagewa yana yin ido-ido. Mai yin ƙyamare ba shi da abin yi da shi. Akwai kuma mai kauri kamar basilin, wanda aka yi don tsoma bakin bindigar injin walda mai amfani da waya da gas, ba don shafe aiki ba.

Na ƙarshe farin ruwa ne a jarka, mai kama da tsinkakken nono, wanda aka haɗa maiƙonsa da ruwa. Ba ya kama wuta, ba shi da kulorin, ana wanke shi kafin fenti. Shi na nuna. Amma na ce shi ma da sharaɗinsa: a shafa kaɗan a gefe, kada ya kwanta a bakin ɗinki, kada a bar shi ya jiƙa ƙasa ko safar hannu, domin ruwa da wayoyin injin haɗin gida, waɗanda rabinsu a fiƙe suke, ba abokan juna ba ne. Inda kuma ake tsoron tayil ko gilashi, a rufe su da falankin kwano ko a zuba yashi. Yashi ba ya tururi.

A nan ne dattijon ya yi murmushi karo na farko, ya ce yanzu kuma ni zan zauna a benci. Ya ce shi maigidansa bai taɓa shafa komai ba, kuma aikinsa ba ya ƙuraje. Ya ɗauko sanda mai lamba 12, siririyar, ya maƙala waya a ƙugiyar babbar wuta, ya ɗaga hannu nesa da ƙarfe ya ja. Ƙara ta tashi kamar ana fasa dutse, tartsatsi har kan takalmina. Sai ya mayar da waya ƙugiyar ƙasa, ya goge tsatsar ƙarfen da burushin waya har ya yi fari, ya ɗaure wayar ƙasa da kyau a jikin aikin, ya kwantar da bakin sanda dab da ƙarfe. Sautin ya koma kamar ana suyar ƙosai a mai mai kyau. Da ya buge ɓawon, gefen ɗinkin kusan wayam.

"Kunne ka walda, Malam, ba ido ba," ya ce. "Wuta in ta yi yawa, ƙuraje. Hannu in ya yi nisa, ƙuraje. Sanda in ta sha sanyin damina, ƙuraje. Tsatsa da tsohon fenti, ƙuraje. Mun san wanga duka. Gaugawa ta ka sa mu ƙara wuta don mu gama da wuri."

Abin da ya faɗa shi ne abin da ke cikin littattafan sana'ar, bai rage komai ba. Siririyar sanda mai kaurin milimita biyu da rabi ba ta bukatar wutar da mai lamba 10 take bukata. Na fahimci cewa maganin ƙuraje na farko yana hannunsa tun shekara talatin, gwangwani ya zo ne ya rufe gurbin haƙurin da gaggawa ta cinye. Hausawa sun ce garin gyaran gira a rasa ido. Ƙuraje a jikin ƙyaure gira ce. Huhun yaro ɗan shekara goma sha bakwai shi ne idon.

Da yamma abokina ya zaga da ni cikin tsohon gari. Muka yi ziyara a Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817 a wannan birni da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Daga nan muka gangara Maƙera Assada, unguwar maƙeran Sakkwato ta asali, inda har yau masaba ke sauka a kan uwar maƙera. Na tsaya ina kallon wani tsoho yana juya jan ƙarfe da awartaki. Duk abin da ke gabansa ya san asalinsa: gawayi daga itace, iska daga zuga-zugi, ruwa daga tulu. Abin da zai cuce shi yana ganinsa, kakanninsa kuma sun bar masa sanin yadda ake kauce masa. Mai walda jikan wannan tsoho ne a sana'a, amma kayan aikinsa suna zuwa ne daga ƙasashen da bai taɓa gani ba, a rufe, da gargaɗi cikin harshen da ba ya karantawa. Gadon da aka bar masa bai haɗa da wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Mu da aka kai makaranta muka iya karanta ƙananan haruffa, mu ne muka bar shi shi kaɗai da gwangwani.

A hanyar komawa muka bi ta wurin masu aikin fata. Sakkwato gari ne da jar fatar akuyarsa ta yi suna har Turai tun zamanin fataken Sahara, amma yaran rumfar da rigunan ƙwallo na roba suke aiki, irin waɗanda tartsatsi ke narkarwa su manne da fata. Na sa aka yanka mini fata mai kauri guda uku, aka sa musu igiyar wuya da ta ƙugu. Ɗigon wuta in ya faɗa kan fata mirginawa yake ya faɗi.

A rana ta uku na koma sallama. Na tarar an fito da bencin aiki bakin rumfa inda iska ke wucewa. Na ƙara musu magana ɗaya a kan hayaƙin walda shi kansa, ko ba a shafa komai ba. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin huhu. Farin ƙarfe mai rufin zinki, irin na bututun ruwa, hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da makyarkyata cikin dare, wanda sau da yawa ake ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Saboda haka mai walda ya duba inda iska ta nufa ya ba ta gefe, kada ya kifa kansa a kan hayaƙi, kada kuma ya zaunar da yaro inda hayaƙin ke zuwa.

Katan ɗin gwangwanin yana ɗaure a bayan babur. Maigidan ya ce ba zai jefa a bola ba, kada yara su tsinta ko a cinna wa bolar wuta su fashe. Zai mayar wa mai shagon, ya gaya masa abin da ya faru, ya karɓo farin ruwan a madadinsa. Sannan ya ce akwai abin da ya dame shi. Sunayen nan dogaye ne, ba za su zauna masa a kai ba, gobe kuma wani gwangwanin zai zo da wani hoto.

Na ce ba sai ya haddace suna ba. Dukkan dangin nan, in an rubuta su da Turanci, akwai haruffa biyar da ke jere a cikin sunansu. Duk gwangwanin da aka ga waɗannan haruffa a bayansa, kada ya kusanci wuta. Wanda kuma bai faɗi abin da ke cikinsa ba sam, a bar wa mai shago kayansa.

Ya ciro allin da yake auna ƙarfe da shi daga bayan kunne ya miƙa wa ɗan yayata, wanda ya yi aji uku na sakandare kafin ya zo koyon sana'a. A jikin ƙyauren shagon, inda aka rubuta tsawo da faɗin ƙyamaren mutane da sauran kuɗin da ake bin su, yaron ya sami fili ya rubuta da manyan baƙaƙe: CHLOR. Maigidan ya kira sauran yaran biyu ya tsayar da su a gaban rubutun.

"Daga yau," ya ce, "ba gwangwanin da za a buɗe a rumfar ga sai wanga yaro ya juya bayanshi ya karanta muna."

Yaron ya raka ni bakin titi ɗauke da jakata, sabuwar fatar tana rataye a wuyansa, har ta yi ɗigon ƙuna biyu a ƙirji. Ya ce in gaida Inna, in ce mata ya warke. Na ce zan gaya mata, zan kuma gaya mata an ƙara masa aiki. Mota na fita daga gari ta hanyar Shuni na kira yayata. Kafin in gama sallama ta ce, "Me ka gano?" Na ce ta ba ni lokaci in iso, maganar tana da tsawo, amma ta kwantar da hankalinta: ɗanta yana hannun mutumin kirki, kuma yanzu shi ne mai karanta wa rumfar abin da ke bayan gwangwani.